Labule Mai Jirgin Ruwa

A asibiti kowa Sista yake ce mata, alhali ko kaza ba ta taɓa yi wa allura ba. Aikinta ɗaukar hoton ƙashi ne da na ƙirji, a wani ɗaki mai sanyi can ƙarshen baranda, inda take wuni tana ce wa mutane su ja numfashi su riƙe. Amma mutane in dai sun ga mace da farar riga, shi ke nan ta zama Sista, har ta gaji da gyara musu ta bari. Shekara goma sha bakwai tana wannan aiki. Ta ga haƙarƙarin rabin garin, ta taɓa ganin allurar ɗinki kwance a cikin wani tela. Fuskar mahaifiyarta ce dai ba ta taɓa gani ba.

Matar ta rasu Sista tana da wata takwas. Hoto ɗaya tak aka taɓa yi mata a duniya, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗakin Baba ya rufta. Madubi kuma bai taimaka mata da komai ba, domin Gwaggo, yayar Baba, ta sha gaya mata cewa ubanta ta kwaso kaf, har fiffiken kunnen. In ta matsa da tambaya, sai Gwaggo ta ce ai mace ce mai kyau, ba doguwa ba, ba gajera ba, ba fara ba, ba kuma baƙa ba. To don Allah wannan wane irin kwatance ne? Rabin matan duniya haka suke.

Shi kuwa Baba bai taɓa buɗe baki a kan zancen ba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai bin layin dogo da guduma yana ƙwanƙwasawa, kuma shirun aikin ya bi shi har gida. Ya sake aure, ya haifi wasu biyar, matar ta riƙe Sista tsakani da Allah har ita ma ta bar duniya. Yanzu ƙannen duk sun watse neman abinci, an bar Baba da Gwaggo a tsohon gida, tsoho na kula da tsohuwa. Sista ce take biyawa kullum in ta tashi daga aiki, ta ba shi magani, ta duba ko ya ci abinci.

Mantuwa ta fara masa da ƙananan abubuwa. Ya ajiye makulli a cikin takalmi, ya gaida maƙwabci sau uku a safiya ɗaya. Da ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, mutumin bai yi mata ɓoye-ɓoye ba, tunda abokiyar aiki ce. Ya ce abin ba ya komawa baya, duk abin da take son ji daga bakinsa ta ji yanzu.

Ran nan da la'asar tana yanke masa farce a tsakar gida, sai kawai ya fara magana kamar wanda aka tambaya. Ya ce shagon mai hoton yana kallon tashar jirgi, a garin da aka fara tura shi aiki, jikin shagon wani mai aski. Ya ce ranar da suka je ana zafi, ita Sista tana wata biyar. Ya ce mai hoton wani siriri ne mai surutu, kuma duk garin an san shi da abu ɗaya: ba ya zubar da fim. Ko na wa ya ɗauka, baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa yana nan a ajiye a wurinsa.

Sista ta tsaya da abin yankan farce a hannu. Ita da fim take cin abinci, ta san in an ajiye shi a wuri busasshe yana iya fin mai shi daɗewa. Sai dai ko ta samo shi, dole wani ya duba ya ce wannan ce. Gwaggo yanar ido ta rufe mata gani, da ƙyar take bambance mutum da ƙofa. Saura Baba kaɗai, shi kuma kullum raguwa yake yi.

Mijinta ya ce ta yi hankali, shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce, ta fara neman wanda za ta kira a waya. Ta ce wa za ta kira, ko sunan mutumin Baba bai tuna ba. Ya ga idonta, ya san ba shawara ta zo nema ba, sai ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ɗauki hutun kwana uku.

Awa goma sha ɗaya motar ta yi. Kujerar da ta samu tana kan inji, zafi yana dafa mata ƙafafu, ga wata mata ta jingina mata buhu a gwiwa tun daga tasha. Taya ta fashe a tsakiyar daji suka tsaya awa guda. A gaba kuma gada ta karye, aka zagaya da su ta wata hanyar ƙasa mai gargada har haƙoranta suna haɗuwa. Duk wannan bai dame ta ba. Tana ta zana fuska a ranta tana gogewa, wani lokaci da wushirya, wani lokaci babu.

Ta kwana gidan 'yar'uwar wata abokiyar aikinta, da safe ta nufi tashar jirgi. Tashar ta daɗe da mutuwa, awaki ne kwance a kan layin. Shagon da ke kallonta yana nan, amma rigunan waya da caja ake sayarwa a ciki, kuma mai shagon bai taɓa jin an yi hoto a wurin ba. Mai askin gefe ne ya ceci tafiyar, in har ceto za a kira shi. Ɗan tsohon mai askin ne, shi ma ya yi furfura. Bai ko ɗaga almakashi daga kan mutumin da yake yi wa aski ba, ya ce ai mai hoto ya bar garin shekara tara ke nan, tun da kowa ya koma ɗaukar kansa da waya. Ɗansa ne ya zo da a-kori-kura ya kwashe shi, shi da gwangwanayensa na fim. Ɗan yana gyaran janareto a babban birnin bakin teku, bayan kasuwar kifi. Lambar waya kam babu.

Duka maganar ba ta kai minti goma ba. Ta tsaya a bakin titi da jakarta a kafaɗa, ta rasa abin da za ta yi da sauran yinin. Sai ta koma tasha ta hau motar da ta kawo ta, direban ma ya gane ta, ya tambaye ta ko lafiya.

Mai hankali a nan zai tsaya. Amma gwangwanayen nan sun shiga ranta sun zauna, tunda ga mutum ya gan su da idonsa ana lodawa a mota. Bayan sati uku ta kwashe sauran hutunta na shekara gaba ɗaya ta kama hanyar birnin. Wannan karon kwana biyu ne zuwa, kwana biyu dawowa. Yini guda ta ɓata tana zagaye bayan kasuwar kifi, inda masu gyaran janareto suka fi ashirin, kowa ka tambaya sai ya nuna maka na gaba. Ƙafarta ta kumbura a cikin takalmi kafin ta samu wanda ubansa mai hoto ne.

Mutumin ya goge baƙin mai a jikin tsumma, ya ba ta benci, ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya girgiza kai ya ce ta yi haƙuri, tsohon shekara biyu kawai ya yi a wurinsa. Gwangwanayen sun cinye ɗaki guda, matarsa ta kasa jurewa, aka yi ta ƙananan maganganu har tsohon ya yi fushi ya koma wurin 'yarsa, malamar makaranta. Da ya faɗi garin da malamar take, Sista sai da ta sa ya maimaita. Garin awa huɗu ne daga ƙofar gidanta. Mota ma ta wuce da ita ta gefensa a kan hanyar zuwa.

Ya ba ta lambar ƙanwar tasa, ya kuma gargaɗe ta da abu ɗaya. Ya ce babansu bai taɓa rubuta sunan kowa ba, bai kuma rubuta shekara ba. Da labulen da yake ratayawa a bayan mai ɗaukar hoto yake gane kayansa. Duk bayan shekara biyu yana canza labule, akwai mai fure, akwai mai gidan bene, akwai mai jirgin sama, kuma kowane labule da gwangwanayensa. In ba ta san labulen ba, kada ma ta wahalar da kanta. Ta kira malamar nan take, matar ta ce Baba kunne ya tafi, ba ya jin waya, ita kuma ba ta taɓa buɗe gwangwani ko ɗaya ba, sai dai ta zo ta gani da idonta.

Kwana biyar ta yi rabonta da gida. Da ta shiga, Baba yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ci gaba da dubanta. Sai da ta durƙusa ta gaishe shi sau biyu kafin fuskarsa ta saki ya ce, au, ke ce. Ɗan jinkirin nan ya tsorata ta ƙwarai.

Gwaggo ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce kwana uku yana tambayarta, da safe, da rana, har ya ƙi shan magani a hannun kowa. Ran na huɗu ya daina tambaya.

"Kin bar mai rai a zaune kina bin wadda ta mutu," in ji Gwaggo. "Ni dai na gaya miki."

Sista ta san gaskiya ce, kuma gaskiyar ta yi mata zafi. Amma duk da haka da suka fito sai da ta tambayi Baba labulen. Ya ce wane labule? Ta ce na ranar hoto. Ya ce wane hoto? Gwaggo ce ta ja tsaki daga bakin ƙofa, ta ce in dai wannan ne zai sa a huta, jirgin ruwa ne. Shekara uku hoton yana rataye a ɗakin tana share masa ƙura. Ƙaton jirgin ruwa ne mai hayaƙi a bayan uwar Sista, ita kuma tana zaune da jaririya a cinya, ta ɗaura agogon Baba a hannu, agogon maza, don a ce ita ma tana da agogo.

Mijinta ya ce ya isa haka. Ya ce ta dubi ƙafarta, ta dubi yaranta, ta dubi ubanta. Ta ce awa huɗu ne kawai, ta je da safe ta dawo da yamma. Hutu ya ƙare, don haka ta roƙi abokin aikinta ya riƙe mata yini ɗaya. Ta shiga ta yi wa Baba sallama, ta ce gobe war haka tana nan tana ba shi magani.

Awa huɗun ta zama tara, ruwa ya yanke hanya aka jira ya janye. Gidan malamar ƙarami ne, ɗaki biyu da falo, kuma an ba tsohon wani ɗan ɗaki a baya wanda da kicin ne. Gwangwanayen biskit ne jere daga ƙasa har rufi, kowanne an ɗaure masa ƙyallen labule a murfi. Tsohon yana zaune a tsakiyarsu a kan katifa, ya rame kamar sandar tsintsiya, amma surutun yana nan. Sai an kai baki kunnensa an ɗaga murya yake ji. Da ya gane abin da ya kawo ta, murna ta kama shi. Ya ce shekara tara ba wanda ya zo neman ko fim ɗaya, 'ya'yansa ma jira suke ya mutu su ƙone.

Na jirgin ruwa gwangwani huɗu ne, kowanne cike maƙil da ƙananan ambulan. Sista ta miƙa hannu, ya buge hannun. Ya ce ba a taɓa masa fim, shi zai ciro, shi zai ɗaga a hasken taga, ita ta leƙa ta kafaɗarsa. Kuma kowane fim da labarinsa. Wannan ɗan dambe ne, wannan amarya ce da ta suma, wannan sojan bai dawo karɓar nasa ba. Haushi kamar ya kashe ta, amma yaya za ta yi, kayansa ne. Rana ta faɗi ba su gama gwangwani ɗaya ba. Ta kira abokin aikinta ta ƙara roƙo, ta kira gida Gwaggo ta ce lafiya lau, a taƙaice.

Tun a yinin farko wani abu ya fara damunta. Idonta ya saba da fim, ta san mai kyau ta san lalatacce tun kafin a gama ɗaga shi. Wannan mutumin ya rufe ido. Wannan matar ta motsa ta zama biyu. Wannan an yanke masa rabin kai, wancan haske ya cinye shi. Ta ce a ranta ƙila farkon gwangwanin ne haka. Washegari suka shiga na biyu, har azahar ba ta ga ko ɗaya mai kyau ba. Sai ta kai baki kunnensa ta tambaye shi ina masu kyaun suke.

Ya dube ta kamar ta tambaye shi ina rana take fitowa.

"Masu kyau ai suna wurin masu su," ya ce. "Ni sau biyu nake ɗauka. Wanda ya yi kyau in wanke shi, in haɗa hoton da fim ɗin a ambulan ɗaya in ba mutum abinsa. Wanda ya lalace shi ne nawa. Ba a zubar da fuskar mutum a shara, 'yata."

Ta ce me ya sa bai gaya mata tun jiya ba. Ya ce ai ba ta tambaye shi ba.

Wallahi da ba tsoho ba ne da ta gaya masa magana. Ta fita tsakar gida ta tsaya jikin igiyar shanya. Malamar ta biyo ta tana ba ta haƙuri, tana rantsuwa ita ma yau ta fara ji. Ashe garin tashar jirgin nan guda da yake yabonsa ba ya zubar da fim, ba wanda ya taɓa tambayar wane fim ne ba ya zubarwa. Ta kira Gwaggo ta tambaye ta ko akwai wani abu a bayan hoton nan. Gwaggo ta ce akwai wani ɗan baƙin abu kamar leda da aka cusa a bayan gilashin, tare ruwa ya tafi da su. Sannan ta ce Baba bai ci abincin rana ba, ta kashe wayar.

Jakarta tana falo, mota tana tashi ƙarfe uku, da ta ɗauka ta tafi da ta kwana a gida. Ba ta tafi ba. Ta koma ɗakin ta zauna a bayan tsohon. Yanzu addu'arta ta sauya. Ba ta neman hoto mai kyau, roƙonta Allah ya sa ido kawai matar ta rufe. Ido a rufe ai ba komai ba ne, za ta ga hanci, ta ga baki, ta ga goshi. Ko motsi ne ma ta yi, in dai kaɗan ne, za a iya ganewa.

Sai rana ta uku da hantsi, a tsakiyar gwangwani na uku, ya ɗaga wani ta ga agogon. Ƙato ne, ya zamo har gadon hannu. Ga jirgin ruwa a baya, ga jaririya a cinya. Ta riƙe wuyan hannun tsohon don ya daina rawa, wannan karon bai buge ta ba.

Jaririyar ta banƙare ne tana kuka daidai lokacin da aka danna, uwar kuma ta sunkuya a kanta gaba ɗaya. Ba abin da ake gani sai tsakiyar ɗankwali, da gefen kunne ɗaya mai ɗankunne, da hannaye biyu. Fuskar tana ƙasa, ta ba kyamara ƙeya. Ita kuwa jaririyar ta fito tar, baki a wangame, har dasashi ana gani.

Tsohon ya ce kai, dubi yadda yarinyar nan ta fito, aikin da ake yi da ke nan. Malamar ta leƙo ta ce to alhamdu lillahi, ga hannunta ai kin gani, ga yadda ta riƙe ki. Sista ta san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba hannu ta zo gani ba. Hannu kullum tana ganinsa a wurin aiki, har ƙashin cikinsa. Ba ta yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mata, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Tsohon ya saka fim ɗin a ambulan ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ta gaida mai agogon.

A garinsu ta tsaya wani shago aka saka fim ɗin a na'ura aka fitar mata da shi a takarda. Ta yi tunanin ko babba zai nuna wani abu da ƙarami ya ɓoye, ko gefen kumatu ne. Bai nuna ba, ɗankwalin ne kawai ya ƙara girma.

Ko gidanta ba ta biya ba, ta wuce wurin Baba da ƙurar hanya a jikinta. Gwaggo tana tsakar gida tana laluben wanke-wanke, ta amsa sallama ba ta ɗago ba. Baba yana kujerarsa, an sa masa riga a bai-bai, farcensa ya yi tsawo. Sista ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a sosai, har da tambayar mutanen gida. Ta ɗora masa hoton a cinya.

Ya ɗauka ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa. Sai fuskarsa ta buɗe.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Dube ta, dariya take yi."

Sista ta matso har kafaɗarsu ta haɗu, ta kalli inda yake kallo. Ta ce, "Baba, yaya fuskarta take? Gaya mini. Hancinta, idonta."

"Ga ta nan kina gani, me zan gaya miki?"

Ta sake roƙonsa, ta ce ko abu ɗaya ne. Ya yi 'yar dariya ya ce ai ba a kwatanta mutum yana zaune a gabanka. Ya daɗe yana shafa gefen takardar da babban yatsa, yana murmushi shi kaɗai. Sannan yatsan ya sauko kan jaririyar, murmushin ya ragu.

"Wannan 'yata ce ta fari," ya ce. "A asibiti take aiki. Da kullum tana zuwa, ita take ba ni magani. Yanzu an ce tafiye-tafiye take yi." Ya juyo ya dube ta da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙo. "Baiwar Allah, in kin san inda take, ki ce mata ina nemanta."

Ƙarar kwanuka ta tsaya a tsakar gida. Sista ta buɗe baki ta ce ita ce, ga ta nan, ta dawo. Ya gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa wanda ba a son a kunyata, ya ce to madalla, a dai gaya mata. Ya mayar da idonsa kan hoton.

Ta zauna a ƙasa jikin ƙafar kujerar, har yanzu jakar tafiya tana kafaɗarta. Can Gwaggo ta ce daga inda take, lokacin maganinsa ya yi, kuma tun shekaranjiya a hannun kowa yake karɓa. Sista ta tashi ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɓallo ƙwaya biyu ta miƙa masa. Ya karɓa ya sha, ya yi mata godiya, ya ce Allah ya ba ta 'ya'ya masu jin ƙanta.